Ƙafar Laraba

Wani mutum ne a nan unguwar Television, ba zan kama suna ba, don matarsa da tawa coci ɗaya suke zuwa. Yana aiki a wani kamfanin robobi a Kudenda, inda ake buga bokiti da baho. Shekararsa arba'in da ɗaya, ga sanƙo, ga tumbi, ga murya kamar an tayar da janareta. Duk cikin baiwar da Allah Ya yi masa babu kamar sanin ƙwallo. A baki fa nake nufi.

Akwai wata ƙaramar kwaleji a bayan gidan da yake haya. Bai taɓa karatu a cikinta ba, ƙaninsa bai yi ba, ɗansa bai yi ba. Abin da ya haɗa shi da ita kawai, tagar ɗakinsa tana kallon katangarta. Amma in ka ji yana cewa "'yan wasanmu" da "an cuce mu," sai ka rantse da guminsa aka gina makarantar.

To, gasar kwalejoji ranar Laraba ake buga ta, ƙarfe huɗu na yamma, saboda ranar ce ɗalibai ba su da lacca bayan azahar. Shi kuwa a kamfani sai shida ake tashi. Da kakar wasa ta kama, mutumin naku ya zauna ya yi tunani mai zurfi, irin wanda bai taɓa yi wa aikinsa ba, ya je kemis ya sayi bandeji. Ranar Laraba ya naɗe ƙafa, ya shiga ofishin mai kula da sashensu yana ɗingishi.

Mai kula da sashen nasu Madam Juliana ce, 'yar Binuwai, mace mai gilashi a kan karan hanci, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma manta magana.

Ya ce, "Madam, ƙafar nan ta matsa mini. Akwai wani mai ɗori a unguwar Nasarawa, ya ce in riƙa zuwa duk Laraba ƙarfe uku."

Ta ce, "Laraba kawai yake aiki?"

"Laraba maganin ya fi kamawa, Madam."

Ta ƙyale shi ya tafi. Laraba ta biyu ma ta ƙyale shi. A ta uku sai ta dube shi ta saman gilashi.

"Wancan satin ba ƙafar hagu ba ce?"

Ya duba ƙasa, ya ga bandeji a dama. Ya ce, "Yawo ciwon yake yi, Madam. Mai ɗorin ma ya yi mamaki."

Ta jawo durowa ta fito da wata takarda ta nuna masa. Takardar sallama ce, da sunansa da komai, an buga tsaf. Ta ce, "Ka ga wannan? Kwanan wata da sa hannuna kawai suka rage. Ranar da na gane ƙafar nan lafiyarta lau, ranar zan cike gurbin. Je ka wurin mai ɗori."

Ya fita yana ɗingishi har bakin geti, daga nan ya ruga ya tare Keke mai ƙafa uku.

A filin kuwa abin ba daɗi. Wasan farko an ba su biyu da nema. Na biyu aka tashi babu ci, shi ma don ruwan sama ya tausaya musu ya sauko. Na uku aka zuba musu huɗu, suka rama ɗaya, ita ma ɗan bayan abokan karawa ne ya taimaka ya ci gida. Masu kallo suka rabu biyu. Kuma kada ku ɗauka ɗalibai ne masu kallon, ɗalibai suna can suna latsa waya. Masu Keke ne, da masu faci, da 'yan fansho, mutanen da ba su san ƙofar ajin makarantar ba. Ɓangare ɗaya na Baba Ɗanladi ne, tsohon ma'aikacin gwamnati mai zuwa da kujerarsa daga gida, wanda kullum maganarsa ɗaya ce: a ba koci lokaci, kaka yanzu ta fara. Ɗaya ɓangaren kuma mutumin naku ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne lasifika.

Kocin wani malami ne ana ce masa Koci Sam, dogo, siriri, mai shiru-shiru. Kwamfuta yake koyarwa, aka ga yana da usur aka ba shi ƙungiya. Wasa uku mutumin nan ya yi yana tsaye a bayansa yana zuba masa ilimi kyauta.

"Koci! Wannan tsari ne ko jera kujerun coci?"

"Koci! Lamba taran nan naka, ko makabarta aka sa shi gadi sai an ci shi!"

"Koci, yi canji! Kai ma ka canja kanka!"

In ya gaji da wannan sai ya juya ga jama'a ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ni dai na faɗa, sai an kori wani! Kafin watan nan ya mutu sai an kori wani!" Har masu Keke suka mayar da ita waƙa, suna tafa masa.

Ranar da aka ba su huɗu, ya samo tsinke ya tsuguna gaban Baba Ɗanladi yana zane a ƙasa. Ya ce, "Baba, duba nan. Huɗu a baya, huɗu a tsakiya, uku a gaba. Shi ke nan fa. Ko makaho ya san wannan."

Baba Ɗanladi ya ƙirga da sandarsa. Ya ce, "Ɗana, da gola sun zama sha biyu."

"To ka gani! Shi wancan da sha ɗaya yake ta shiga ana cin mu!"

Baba Ɗanladi ya ce, "Ka taɓa buga ƙwallo kuwa?"

Mutumin ya yi wata dariya ta tausayin jahilci. Ya ce, "Baba, tambayi mutanen Jos. Saura ƙiris in fita waje, biza ce ta hana. Lamba taran nan, ko da ƙafa ɗaya na fi shi."

"Ai kuwa ƙafa ɗayar ce da kai."

Mutumin ya daki bandejin ya kashe ido. "Wannan? Wannan na Madam ne, Baba. Ba nawa ba ne."

Laraba ta huɗu ta zo. Ya naɗa bandeji, ya tabbatar a dama ya naɗa, ya yi wa Madam ɗingishinta, ya iso fili tun kafin a gama zuba farar ƙasa a layi. Ya tarar Koci Sam yana ta ƙirga 'yan wasa yana sake ƙirgawa. Goma ne. Lamba tara, wani ɗalibi Elisha, malaminsu ya ga babu lacca, ya sa musu jarrabawar gwaji ƙarfe huɗu daidai. 'Yan benci kuwa tun ranar da aka sha huɗu suka gano cewa karatu aka turo su yi.

Mutumin ya buɗe murya. "Kun gani ko? Ko ƙirga bai iya ba! Goma! Sai an kori wani!"

Koci Sam ya juyo. Wasa uku bai taɓa juyowa ba, yau ya juyo. Ya tako a hankali har gabansa, da riga a hannu.

Ya ce, "Oga, sannu da ƙoƙari. Kai ne wanda biza ta hana?"

"Ni ne."

"Kai ne ka fi lamba tarana da ƙafa ɗaya?"

"Ko a gaban wa zan maimaita."

"To ga rigar tara. Abeg, don Allah taimake mu."

Wuri ya kaure da ihu. Mutumin ya ja da baya. Ya nuna ƙafa ya ce, "Da so samu ne, Koci, amma ka ga ciwo."

Baba Ɗanladi daga kan kujerarsa ya ce, "A'a, ɗana, ba ka ce na Madam ba ne?"

Masu Keke suka ɗauka: "Na Madam ne! Na Madam ne!" Kafin ya samo wata ƙaryar, biyu sun riƙe shi, ɗaya ya warware bandejin. Ga ƙafa nan sumul, ta ma fi ɗayar haske.

Ya ce, "Amma ai ni ba ɗalibi ba ne."

Koci ya ce, "Wannan ba matsala ba ce," ya zaro katin Elisha daga aljihu ya miƙa masa.

Ku da kuka san gasar nan kun san yadda ake yi. Kafin a take wasa, jami'in gasa yana jera 'yan wasa ya duba katin makaranta, wai don kada a shigo da sojan haya, wato ƙato daga gari a ce ɗalibi ne. Kowace ƙungiya tana da nata, kowa kuma ya san na kowa, don haka ba mai tona wani. Jami'in ya zo kan mutumin. Ya dubi kati, ya ga yaro ɗan sha tara, wuya kamar marfin biro, gashi cunkus. Ya ɗago ya ga sanƙo yana ƙyalli, riga ta tsaya a saman cibiya ta ce ba ta wucewa.

Ya ce, "Kai ne Elisha?"

"Ni ne, sa."

"Wannan hotonka ne?"

"Kafin karatu ya taɓa ni ne, sa."

Jami'in ya juya ga kyaftin ɗin ɗaya ƙungiyar ya ce ko suna da ƙorafi. Kyaftin ɗin nan mai faci ne a Nasarawa, da furfura a gemu, 'ya'yansa huɗu. Ya ƙare wa tumbin kallo, ya yi murmushi, ya ce, "Ƙorafin me? Ai mun san shi, ɗalibi ne mai ƙwazo. A bar shi ya buga."

Aka busa usur. Minti biyar na farko, gaskiya a faɗe ta, mutumin ya yi gudu. Ya bi ƙwallo gabas, ya bi ta yamma, har wurin golansu ya je ya dawo. Bai taɓa ta ba, amma ya yi gudu. A minti na shida harshe ya fito. A na goma ya gano cewa filin nan da yake gani ƙarami daga waje, an ƙara masa tsawo ba a sanar da kowa ba.

Ƙwallo ta zo masa ta farko, lafiyayya, a ƙafa. Ya ja baya ya narka mata duka. Takalmin aro ya tashi ya faɗa cikin masu kallo, ƙwallo tana nan inda take ba abin da ya same ta. Ta biyu ta zo ta sama, ya yi tsalle zai sa kai, bai bar ƙasa ba, ta sauka a tumbi ta koma wa wanda ya bugo. Daga nan sai ya lura akwai inuwar mangwaro a kusa da ragar abokan karawa, ya koma can ya kama ƙugu. Sau bakwai ana ɗaga masa tutar satar gida. A na bakwai golan ya ce, "Baba, ko in kawo maka kujera?"

Amma bakin nan bai gaji ba. Daga cikin fili yake ɗaga hannu.

"Koci! Yi canji mana!"

Koci Sam ya nuna benci, babu kowa sai jarkar ruwa. Ya ce, "Kai ne canjin, oga."

Masu kallo kuwa ba su da amana. Mutanen da ya koya wa zagi da bakinsa, su suka juyo masa da shi.

"Koci, a wace kasuwa ka samo wannan?"

"Lamba tara, wata nawa ne cikin?"

"A dawo mana da Elisha na gaskiya, mun tuba!"

Wani ya ce laifin koci ne da ya sa shi. Mutumin yana haki ya juyo ya ce, "Yauwa! Faɗa masa dai!"

Abin mamaki, yaran nan goma suka dage. Da suka ga ba su da kowa a gaba, sai suka tsare gida kamar ransu, aka kai minti na tamanin da tara babu ci. Sai ga ɗan gefensu ya kutsa, mai facin nan ya kwashe masa ƙafa a cikin da'ira. Fenariti! Nasarar farko ta kaka tana kallonsu. Baba Ɗanladi ya miƙe daga kujera, abin da bai taɓa yi ba.

Kyaftin ɗin yaran Koci Sam ya ɗauki ƙwallo. Mutumin ya zo ya fizge. Ya ce, "Yaro, ba ni nan. Ina wannan aikin kana cikin zani."

Koci yana ihu a bar wa kyaftin, mutumin ya ɗaga masa hannu alamar ya yi shiru, masana na aiki. Ya dasa ƙwallo. Ya ja baya, ya ja baya, ya ja baya, har sai da ya kai tsakiyar fili. Aka busa. Ya taso da gudu kamar an biyo shi. A rabin hanya numfashi ya ƙare, ya tsaya ya dafa gwiwa. Ya ƙarasa da tafiya. Ya taɓa ƙwallon da ɗan yatsa.

Gola ya yi tsalle ya faɗi dama. Ya tashi, ya kaɗe wandonsa, ya duba, ƙwallo tana tahowa. Ya jira ta. Da ya ga ba ta da niyyar isowa, ya taka ya je ya tarye ta a hanya.

Aka busa tashi. Mutumin ya zube a ƙasa yana kallon sama, ana ta yi masa addu'o'in da ba a yi a coci. Da ya samu ya juya kai, sai ya hango wata mata a ƙarƙashin lema, can gefen masu sayar da rake, da gilashi a kan karan hanci da jaka a cinya. Madam Juliana. Ta ɗaga masa hannu a hankali, ta tashi ta tafi.

Washegari tun bakwai yana ƙofar ofis. Ya naɗa bandeji har gwiwa. Wannan karon ɗingishin ma na gaske ne, don ko'ina ciwo yake. A hanya ya shirya ƙarya uku: cewa ƙaninsa ne mai kama da shi, cewa Elisha ne ga kati ma, cewa mai ɗori ne ya ce ya motsa jini. Ya san in aikin nan ya tafi ba shi da wani.

Madam ta ce ya shigo. Takardar tana kan tebur, biro a kanta. Sai ya ga ta taso da kanta ta jawo masa kujera.

Ta ce, "Zauna, kada ka tsaya a kanta. Sannu. Ka yafe mini."

Ya ce, "Madam?"

"Na yi maka mummunan zato. An gaya mini fili kake zuwa, na bi ka jiya da takardar nan a jaka, niyyata in sa hannu a gabanka. Amma na zauna na kalle ka minti casa'in." Ta girgiza kai. "Ba mai lafiyayyar ƙafa da zai yi abin da ka yi. Babu shi."

Ya dubi bandejin.

Ta ce, "Babana kafin ya rasu ya yi shanyewar ɓarin jiki, amma ko shi da ya taɓa ƙwallon nan da ta isa raga. Har hawaye na yi. Daga yau duk Laraba taka ce, ka je a duba ka da kyau. Kuma ka ce wa mai ɗorin ya haɗa da ta hagun, ita ma ban yarda da ita ba."

Kun ga dai, mutumin nan ya tsira. Ga aiki, ga Laraba kyauta har ƙarshen kaka. Abin da ya rage masa kawai ya ce na gode ya ja ƙafa ya fita. Ya ma fara miƙewa. Madam ta ɗauki takardar za ta mayar durowa.

Sai ta ƙara da cewa, "Amma kocin nan naku ya burge ni. Ya san aikinsa. Da mutum goma da majinyaci ɗaya ya hana a ci shi. Da ya samu mai ƙafa a lamba tara, da kun yi nasara."

Mutumin ya tsaya cak. Ya juyo.

"Wa ya san aiki?"

"Kocin."

"Sam? Sam ne ya san aiki?" Murya ta dawo, har masu aiki suka leƙo ta taga. "Madam, kar ki ƙara faɗin haka a gaban mutane! Ni ɗan lamba goma ne! Duk Jos an sani! Ya ɗauke ni ya kai ni tara, ba mai ba ni ƙwallo, takalmi ba nawa ba, ya hana ni canji, sannan a ce ƙafata?"

Ta ce, "Yi a hankali, ciwonka."

"Wane ciwo?" Ya tsuguna ya warware bandejin ya yi jifa da shi. Ya yi tsalle sau uku. Ya tsaya da ƙafar dama ita kaɗai, ya koma ta hagu. Ya daki kwandon shara ya bugi bango. "Kin gani? Garau take! Ba abin da ya taɓa samunta tun da aka haife ni! Matsalar ƙungiyar nan koci ne, kuma na faɗa, sai an kori wani!"

Madam Juliana ta gyara gilashi. Ta dawo da takardar kan tebur, ta dubi kalanda ta rubuta kwanan wata, ta sa hannu, ta miƙa masa.

Ta ce, "Ungo. Wata guda kana ihu a kori wani, yau dai an ji maganarka."